Murja da Katin Arba'in

Malam Salmanu da bakinsa yake ba da labarin, kuma shi ke riga kowa dariya. Ranar da ya tura wa dangi sanarwar addu'ar arba'in ta wansa Mamman, bai tsaya ya kalli katin har ƙarshe ba. Ya ga hoto ya fito tsaf, ya danna kawai. Sai da matar marigayin, Uwani, ta kira tana salati sannan ya buɗe. Ga Mamman da rawaninsa yana juyi, furanni na zubo masa, daga ƙarshe wasan wuta ya tashi a bayan kansa. Uwani ta ce kada ya taka mata gida ranar addu'ar sai ya wanke wannan abin kunyar.

Aikin na Murja ne, amma zaɓin nasa ne. Ta ce masa na biki ne, ya ce kalar ta yi masa.

Murja 'yar Tsaskiya ce. Shekarar da kwana a ƙauye ya gagara suka dawo Safana. Ta yi karatu a Katsina, ta koyi yaren da ake rubuta wa kwamfuta umarni layi-layi, ta dawo da burin gina manhaja. Sai ta tarar garin ba manhaja yake nema ba. Tsadar mai da halin hanya sun hana a bi gari-gari da goro ana gayyata, kowa so yake a yi masa kati mai motsi ya tura ta waya. Sai ta kafa benci a shagon cajin yayanta, tana aiki da shafukan intanet da suka gama shirya komai: saka hoto, saka suna, shi ke nan. Daga Runka har Batsari babu amaryar da ba ta san ta ba. Ita dai takan ce karatunta yana can yana barci.

Salmanu ya iso shagon, gaisuwar ma rabi ya yi.

"Ɗiyata, kin sa yayana rawa, mutumin da ko a bikinsa bai taka ba. Cire furannin nan."

"Kawu, ba sa ciruwa. Rigar kanti ce, yadda aka ɗinko ta haka za ku sa. Sauran da nake da su kuwa balan-balan ne da tantabaru. Ku tura hoto kawai mana."

"Tsaye ƙiƙam kamar na katin zaɓe? Mamman ya wuce haka."

"To sai dai in rubuta da yaren kwamfuta. Shi yadi ne, komai yana ɗinkuwa, amma sai an zauna."

Ya ga idonta ya kawo haske, ya ce ta ɗinka. Ta jawo tsohuwar kwamfutarta ta jona a sola, shi kuma ya jawo kujera ya zauna a gefenta don ya taya ta. Ya ce rubutun kamar tururuwa. Ya ba ta labarin farashin gero, da albashin da ke ƙarewa kafin ya iso gida, da yadda ya kusa zama injiniya. Ta yi kuskure ta goge, ya tambaya ko an gama.

Da ta gama, Mamman ya bayyana a hankali a kan farin fili, addu'a da ranar taron suka biyo baya, komai ya tsaya cak. Aka tura wa Uwani. Ta aiko da saƙon murya, tana shesshekar kuka: ta ce Salmanu ya zo da wuri ranar addu'ar, shi zai tarbi baƙi.

Salmanu ya yi ajiyar zuciya, sannan bakin ya dawo.

"Amma ɗiyata, duk tururuwar nan, ɗan motsin da ya yi ke nan?"

Murja ta rufe kwamfutar.

"Kawu, sa abu ya tsaya inda ya kamata shi ne aikin. Da akwai irin rubutun nan na baki, da naku na fara rubutawa."