Shekarar da Aka Ja Igiya a Unguwar Mahauta

A gidanmu na farko a Garwa, idan an ci tuwo an yi sallar isha, Kaka takan tura icce ɗaya cikin murhu ta miƙe ƙafafunta, mu kuma mu kewaye ta, ni da ƙannena da 'ya'yan maƙwabta. Mu mahauta ne. Baba yana yanka a bakin Binuwai, inda mahaifinsa ya yi. Unguwarmu lungu ce cikin lungu, baƙo in ya shiga sai an fito da shi, amma tsohuwa tana iya zuwa rijiya ta dawo rana ba ta taɓa ta ba, saboda inuwar katanga da ta tsamiya. Tsakanin ɗakin Kaka da na Inna Dudu, wata Bafulatana maƙwabciyarmu, akwai 'yar taga a jikin katanga. Ta nan suke miƙa wa juna wuta da gishiri da labarin gari, Kaka da Hausa, ita da Fulatanci, kuma ban taɓa jin ɗaya ta ce ba ta gane ba.

Ban fi shekara takwas ba, a zamanin Jamus, ranar da wani Bature ya shigo unguwar da tafinta da sojoji biyu suna jan igiya. Duk inda igiyar ta bi sai a kafa turke. Tafinta ya ce kumanda yana son hanya miƙaƙƙiya daga inda jirgin ruwa ke tsayawa har bariki, mahauta kuwa za a mai da su bayan gari, an riga an yanka musu filaye. Turke ɗaya a tsakar gidanmu aka kafa shi, taku uku daga murhun Kaka.

Da yamma Baba ya tafi zauren Sarkin Fawa, inda dattawa ke shawarar abin da za su faɗa a bariki. Mun ɗauka ranar babu tatsuniya. Sai ga Kaka ta tura iccenta kamar kullum.

"Ga ta nan tafe, ku matsa mata."

"Ta zo, mun ba ta wuri," muka ce.

Ta ce wasu mutane ne fari ya koro, suka yi ta tafiya har suka sami wuri mai ruwa. Shugabansu ya ce gobe za a raba fili kowa ya yi gini. Sai wata tsohuwa mai ginin tukwane ta ce kada wanda ya ɗora tubali sai damina ta wuce, kowa ya zauna a bukka. Aka yi mata dariya, amma aka bi maganarta. Da lokacin kaka ya yi, sai tsohuwar ta zaga da su tana nuna musu ƙasa: ga inda ƙafar mata ta fitar da hanya zuwa rafi, ga inda ruwan sama ya zaɓa ya bi, ga bishiyar da tsofaffi suka riƙa zama ba wanda ya aike su, ga filin da yara suka share da gudu. Ta ce a bar waɗannan, a yi gini a abin da ya rage. Haka aka yi. Magina ma suka koyi tambaya: in makaho ne mai gida, su yi masa katanga da zai dafa har masallaci, in gwauraye biyu ne maƙwabta, su rage tsawon bangon da ke tsakaninsu.

"Garin ya cika," in ji Kaka. "Har wanda ya zo sayar da jaki sai ya nemi mata ya zauna."

Bayan shekaru aka naɗa wani saurayi sarauta. Wata rana ya hau dutse ya leƙo garinsa, sai ya ga hanyoyin sun nannaɗe kamar hanjin akuya a ƙwarya. Kunya ta kama shi, don yana jiran baƙi. Ya sa aka rushe, aka miƙar da komai kamar mashi. Da damina ta zo, ruwa bai san sabuwar hanya ba, tsohuwar hanyarsa ya nema, ya tarar da ɗakuna a kanta ya shiga. Makaho ya rasa bangonsa ya daina fita. Mutane suka fara zamewa, yau gida ɗaya, gobe biyu.

Kaka ta tsaya nan, ta shiga gyara iccen murhu. Ƙanina Sale ya gaji da jira.

"Kaka, sai sarkin ya tuba?"

"A'a, ɗan nan. Cewa ya yi ruwan ne ba shi da ladabi. Ƙurunƙus, nan ta tsaya, ni ma ban san mata wata hanya ba."

Ban taɓa jin ta ƙare tatsuniya mugu bai sha kashi ba sai ranar. Na kwanta ina jin haushinta.

Washegari dattawa suka je bariki tun hantsi, ba su dawo ba sai la'asar. Baba ya durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka.

"Iya, ba mu ce kada a yi hanya ba. Mun roƙa a karkata ta kaɗan ta bar rijiya da tsamiya. Sarkin Fawa ya daɗe yana magana, tafinta ya juya ta da kalma huɗu."

"Me Baturen ya ce?"

"Ya ce an riga an zana."

Kafin wata ya mutu muka tashi. Sabon wurin layi-layi ne, ba bishiya ko ɗaya, ruwa kuma sai an yi tafiyar da Kaka ba za ta iya ba. Da ƙuri'a aka raba filayen, Inna Dudu ta faɗa can ƙarshen wani layi. Sau biyu ta zo da sandarta, daga nan ƙafa ta hana. Kaka ta ci gaba da hura wuta da yamma, amma in muka roƙi tatsuniya sai ta ce ta manta. Ba ta ga damina ta biyu a wurin ba. Inna Dudu ba ta ji rasuwar ba sai bayan an dawo daga maƙabarta.

Jamusawa sun tafi bayan yaƙi, Faransawa suka zo da tasu igiyar. Yau na girmi Kaka a shekarun da ta rasu, kuma sau uku ina ganin an tashi unguwa a garin nan. Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce ga masu mulki. Daga baya na lura ba a taɓa samun mai mulki a bakin murhu ba. Mu da za a tasa, mu kaɗai muke jin ta, mu da muka riga muka san abin da ke cikinta.

Jikana Buba yana aiki a ofishin masu awon ƙasa. Na ba shi labarin nan kwanan baya, ya saurara har ƙarshe don yaro ne mai kunya. Na tambaye shi ko a takardarsu akwai wurin da ake rubuta abin da mutanen unguwa suka ce. Ya yi tunani sosai, don ba ya son yi mini ƙarya.

"Kaka, akwai wurin da ake rubuta yawansu."