Kujerar Gefen Muntaka

Duk wanda ya yi wayo a Matameye a zamanin mulkin soja ya san jar motar Muntaka, ko da bai san mai ita ba. Shi dai ba wani mai abin hannu ba ne. Da damina manomi ne kamar kowa, gero da gyaɗa. Da rani kuma sai ya tsallaka iyaka ta Ɗan Barto ya tafi Kano cin rani, a wani gareji inda ya koyi kwance inji da ɗaurawa. In ya dawo gida shi ke gyara injin niƙa da babur da keken ɗinki. Siriri ne, marar yawan magana, sai fa in an taɓo zancen mota. A nan kam nemi wurin zama, don ba yanzu za a tashi ba.

Motar ta wani Bature ce, malamin gona mai kula da aikin gyaɗa. Shekarar da sojoji suka karɓi mulki fari ya riga ya ci ƙasa, gyaɗa ta mutu murus, Baturen ya haɗa kayansa zai koma gida. Komai nasa ya sami mai saye ban da motar. Ƙaramar Fijo ce, ƙofa biyu, kujera biyu, rufinta na tamfol da ake naɗewa baya, cikinta kuwa dab da ƙasa, ko kaza sai ta sunkuya kafin ta wuce ta ƙarƙashi. Alhazan gari suka zo suka zagaya ta. Wannan ya tambayi inda za a ɗora buhu, wancan ya tambayi inda iyali za su zauna, suka kaɗe riga suka tafi. Muntaka kuwa ya sayar da babur ɗinsa, ya haɗa da abin da ya tara a cin rani, Baturen ya miƙa masa makulli yana murnar samun mai ɗauka.

Nan da nan gari ya ɗauka. Aka ce Muntaka ya zautu, mutane na neman abin kaiwa baka shi ya sayo abin wasa. Kuma tsakani da Allah masu faɗin haka ba su yi ƙarya duka ba.

Abin da ba su sani ba shi ne dalilin sayen. Wata ranar kasuwa Muntaka ya ga Baturen ya wuce, rufi a naɗe, matarsa a gefensa tana dariya, iska na kaɗa ɗankwalinta. Tun daga ranar abu guda ya tsaya masa a rai: shi ma ya ɗauki matarsa Habsatu a gefensa, ya kai ta Damagaram, birnin da ba ta taɓa gani ba. Wannan ya saya, ƙarfen ƙari ne.

Ranar da ya kawo motar ƙofar gida ya aika aka kira ta. Ta zo bakin zaure ta leƙo, ta dube ta gaba da baya.

"Malam, to ni ina wurin zamana?"

Ya daddaɓa kujerar gefensa yana washe baki.

"Nan? Kafaɗa da kafaɗa da kai, ba ko rufi, a tsakiyar gari? Ga Baba Ummaru can zaune yana kallo? Wallahi gara ƙasa ta tsage in shige. In kana so in shiga, ka yi mini kujera a baya kamar motar mutane."

Baba Ummaru yayan mahaifinsa ne, shi ya riƙe shi tun yana ƙarami, kuma kullum yana kan buzunsa a gindin bishiyar ƙofar gida tare da sauran dattawan unguwa. A wancan zamani kuwa mace ba ta jerawa da mijinta a hanya. Yana gaba tana baya, ko sunansa ba ta faɗi, balle ta zauna daf da shi a gaban surukinta. Muntaka ya san wannan sarai, a cikinsa aka haife shi. Sai dai ya ɗauka kwana biyu za ta sauko. Bai san wadda ya aura ba ke nan.

Kujerar baya dai ya ce ba zai yi ba. Yin ta sai an yanke motar, kuma ko an yi, ai ba abin da yake so ke nan ba. Sai ya shiga gyare-gyare. Kowane cin rani ya dawo da wani ƙarfe a naɗe cikin tsumma. Ya ɗaga ta sama kaɗan saboda yashin hanyoyin ƙauye, ya sa mata tayoyi masu faɗi. Ya canza karbirato, abin nan da ke haɗa mai da iska, har ta riƙa zabura da an ɗan taɓa ta. Amininsa Ɗan'azumi mai walda ya ƙera mata sabon bututun hayaƙi, muryarta ta koma wani irin gurnani mai daɗi da ake jin sa tun daga ƙarshen gari. Fentinta na asali fari ne, shi ya mayar da ita ja, sau uku yana kankarewa yana sakewa don wai jan bai yi masa ba.

Amma inda ya fi ɓata lokaci shi ne kujerar gefensa. Ya kai ta wurin dukawa suka lulluɓe ta da jar fatar akuya mai laushi. Ya ƙara mata auduga. Da Habsatu ta ce rana, ya sa aka ɗinka sabon rufi. Da ta ce idon mutane, ya rataya ɗan labule a tagar.

"Malam," in ji ta, "duk Matameye wa zai ga labule a motarka bai san wadda ke bayansa ba?"

Ya cire labulen.

Kada a ɗauka ta tsani motar. Ko kusa. Ita ke wanke tsummokaran da ya ɓata da baƙin mai. Da ta jiyo gurnanin daga nesa sai ta tashi ta zuba ruwa a buta, ta dama fura. Jar akuya take kiran ta, wai ga ci ba nono. Shi kuma ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan naɗe rufi ya miƙa hanyar Kance ya dawo, jandarmomin da ke shinge su tsayar da shi, ba don takarda ba, don dai ya buɗe musu inji su gani. In rashin lafiya ya kama wani a unguwa, Muntaka ne mai kai shi likita, amma sai ya shimfiɗa buzu a kan kujerar tukuna. Fatar nan ba wanda ya taɓa zama a kanta kai tsaye.

Kowace sallah, in ta yi kwalliya, sai ya tambaye ta. Ita kuma ta ce, "An yi kujerar bayan?" Ya ce ba a yi ba. Ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya." Su yi dariya. Abin ya zama wasa a tsakaninsu, amma a ƙarƙashin dariyar yana masa ciwo, kuma ita ma ta san yana masa. Haka suka kwashe shekara goma, ga taurin kai ga taurin kai, a gida ɗaya, cikin ƙaunar juna.

Sai farin shekarar tamanin da huɗu ya zo. Ruwa ya sauka sau biyu ko uku ya ɗauke, gero ya bushe a tsaye kafin ya fitar da kai. Ga shi an rufe iyakar Nijeriya, hanyar cin rani ta toshe, magidanta suka zauna suna kallon rumbu. Gwamnatin soja ta ce kowa ya gangara fadama a yi noman rani. Muntaka na da fadamar gado ta wajen Dungu, sai dai ruwa ya yi ƙasa, abin da guga za ta jawo ba zai ciyar da gidansa da na Baba Ummaru ba. Injin ban ruwa kuwa ko a mafarki. Ya yi tunanin sayar da motar, to amma motar da ba ta sami mai saye ba lokacin da ake da ɗan hali, wa zai dube ta yanzu?

Ɗan'azumi ne ya faɗi abin da kowa ke jin nauyin faɗi. Ya ce, "Muntaka, famfo zan iya haɗawa. Abin da zai juya shi ne babu. Inji mai lafiya a unguwar nan kuwa guda ɗaya ne, ka san inda yake."

Muntaka ya tashi ya koma gida. Kwana uku yana kewaya motar yana goge inda ba datti. A rana ta uku ya lura Habsatu ta juye nata tuwon a kwanon 'ya'yansu, da ya tambaya ta ce ta ci a maƙwabta. Ya san ba ta fita ba. Ya tafi wurin Ɗan'azumi ya ce jibi a zo da amalanke.

Da ya dawo ya ce mata, "Habsatu, jibi za a cire injin. Gobe ce kaɗai ta rage mana. Na adana man da zai kai mu Damagaram ya dawo da mu."

Wannan karon ba ta tambayi kujerar baya ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To."

Washegari da hantsi ya wanke motar tas, ya naɗe rufi, ya kawo ta ƙofar gida, ya buɗe ƙofar gefensa ya bar inji na gurnani. Daga inda yake zaune yana hango bakin zaure. Ya ga gefen shuɗin zanenta na sallah. Ya ga ƙafarta ɗaya ta fito, da takalmin da ya sayo mata a Kano. Baba Ummaru da dattawa na gindin bishiya, sun zuba ido, maƙwabta ma sun firfito. Ƙafar ta daɗe a wurin. Sannan a hankali ta koma ciki.

Ya jira har rana ta take tsaka. Daga nan ya kashe injin, ya rufe ƙofar. Bai je ko'ina ba ranar.

Aka cire inji aka ɗora a amalanke. Ɗan'azumi bai yi ƙarya ba, famfo ya tashi, ruwa ya kwarara a kwami. Suka shuka dankali da rogo da kabeji da albasa, maƙwabtan fadama ma suka sami rabo. Gidaje da dama sun ga damina ta gaba saboda injin nan. Waɗanda suka ce Muntaka ya zautu su ne suka dawo suna cewa ai mutum ne mai hangen nesa. Bai kula yabon ba, kamar yadda bai kula zagin ba.

Gangar jikin motar kuwa, sai aka kwance zana aka turo ta tsakar gida, gindin dalbejiya. Muntaka ya daina kallon wajen. Ya kuma rage magana da Habsatu, daga gaisuwa sai sannu da aiki. Tunda suka yi aure bai taɓa fushi da ita irin wannan ba.

Wata rana bayan la'asar ya dawo daga fadama, laka har gwiwa. Yana shigowa ya tsaya cak. Habsatu ce zaune a kan jar fatar, ba buzu, cikin shuɗin zanen nan da takalmin Kano, hannuwanta a kan cinya.

"Malam, ka bar ni ina ta jira. Ba Damagaram ka ce za mu ba?"

Ya ajiye fartanya. Ya wanke ƙafa, don ba ya shiga motarsa da laka, ya zagaya ya zauna. Kafaɗarta ta taɓa tasa. Ya kama sitiyari, hawaye suka zubo masa, bai ko share ba.

Ta ce, "Ranar nan ƙafata ce ta ƙi. Ni tuni na shiga."

Can ya gyara murya ya ce ga su sun fita gari, ga shingen jandarmomi, ga Kance a gaba. Ya kwatanta mata inda hanya ke karyawa gabas, da duwatsun da ake fara hangowa kafin a shiga birni.

"Rage gudu," in ji ta, "ɗankwalina zai tashi."

Injin bai sake komawa mazauninsa ba. A fadama ya tsufa, a can ya ƙare. Habsatu kuwa daga baya ta ga Damagaram da idonta, a motar haya, a kujerar baya, ta dawo ta ce ta Malam ta fi kyau. Kusan kowace la'asar in aiki ya lafa sukan shiga jar motar su zauna, a tsakar gida inda ba idon kowa, har furfura ta cim musu, har ranar da Allah ya karɓi abarsa.

Bayan rasuwarta masu sayen tsohon ƙarfe sun zo ba sau ɗaya ba, ya sallame su. Wata la'asar Ɗan'azumi, shi ma ya tsufa yana dogara sanda, ya zo gaishe shi, ya tarar da shi zaune a mazaunin direba. Ya kama ƙofar ɗaya gefen zai buɗe ya zauna su yi hira.

Muntaka ya ɗaga masa hannu. "Zagayo ta nan, ga tabarma," in ji shi. "Da mutum a wurin."