Baba Lallaɓa, Direban da Kullum Yake Zuwa na Ƙarshe

Ina tsaye gaban allo a makarantarmu ta Kore Mairuwa, ranar Talata da hantsi, wayar ƙanena Mamman ta shigo. Ko sallama bai yi ba, ya ce, "Yaya Hadiza, Baba ya tafi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya yafe mini, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne: da wace mota? Domin shekara uku ke nan makullin motarsa yana ƙasan akwatina, kuma shekara uku ke nan rabon da ya kira ni da sunan da ya saba kirana.

Mahaifina Malam Sha'aibu, wanda 'yan tasha suka fi sani da Lallaɓa, ya tsufa yana jan akori-kura tsakanin Dogon Dutsi da Tibiri da Geceme. Bai taɓa kayar da ko buhun gero ba, bai kuma taɓa isa kasuwa da wuri ba. In fasinja suka dame shi da ƙorafi sai ya ce, "Mota ba ta hauka, sai in direba ya ara mata." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa tun ina goye Uwata yake ce mini.

Da yanar ido ta fara rufe masa gani, sai ya ɓoye mana. Asiri ya tonu ranar da ya tura motar cikin rumbun maƙwabcinmu, ya fito da gero a hula yana rantsuwa cewa jiya rumbun nan ba a nan yake ba. Mazan gidan kowa ya sunkuyar da kai. Ni da na gado taurin kansa, na zare makullin na jefa a jaka. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, Jandarma, an gode." Daga ranar Uwata ta ɓace daga bakinsa.

Zama ya nemi ya kashe shi. Sai Mamman ya taho daga Yamai da wasan tseren mota na tele, irin wanda ake kira rali, inda ake gudu a kan burji da rairayi da taɓo. Ya haɗo da sitiyari da birki da totur, aka ɗaure su a tebur. Baba ya ce, "Da gemuna za ku ba ni abin wasan yara?" Ana jona kuran, wato wutar lantarki, sitiyarin ya juya hagu ya juya dama shi kaɗai, ba hannun kowa. Inna, mahaifiyarmu, ta ce, "A'uzubillahi! Doguwa!" Ta fice ta bar takalmi ɗaya, kuma har yau ba ta wuce teburin nan ba tare da ta yi bisimilla ba.

Don ya kunyata Mamman ne kawai Baba ya zauna, ya matso da kujera har hancinsa ya kusa taɓa tele. Motar ta shiga rairayi, sitiyarin ya yi nauyi a hannunsa. Ta hau gargada, sitiyarin ya kama kakkarwa. Ya taka birki a kan tsakuwa, bayan motar ya zame gefe, hannunsa ya tare ta tun kafin ya yi tunani. Can ya ce, "Wanda ya ƙera wanga abu ya taɓa kahewa a hanya. Wanga ya sha wuya."

Tun daga nan tseren duniya ya gamu da direban da bai taɓa gani ba. Ana ƙirga uku, biyu, ɗaya, Baba yana tsakiyar addu'ar hawa abin hawa, kuma ba ya yanke addu'a don agogo. In ya ga 'yan kallo a bakin hanya suna ɗaga hannu, sai ya ci birki ya tsaya yana jira. Na ce, "Baba, 'yan kallo ne, ba fasinja ba." Ya ce, "Mutane su ɗaga miki hannu a daji ki wuce? Wa ya yi miki tarbiyya?" Shi kuwa mutumin da ke cikin motar yana faɗin kwanonin hanya da Faransanci, Baba ya ɗauke shi yaron mota marar kunya. "Kai, rufe mini baki! Ina tuƙi tun ubanka bai yi kaciya ba."

Kullum shi ne na ƙarshe, da tazara mai ban tausayi. Mamman ya ce, "Baba, ka sake zuwa na ƙarshe." Ya ce, "Wa ya mutu?" "Ba kowa." "To, na ɗaya na zo."

Tsofaffin direbobi suka riƙa zuwa daga tasha ana zaman shari'a a kan wasan. Sun yarda cewa taɓon gaskiya ne, zamewar ma gaskiya ce, kamar hanyar Geceme bayan ruwa. Amma Baba yana da ƙara: ba akuya, ba amalanke, ba garken shanu da zai tare ka makiyayi yana gaishe ka a natse. Ya ce hanyar da saniya ba ta ratsawa, da sauranta.

Duk Asabar nakan zo Tibiri da goronsa. Ina sallama zai ce, "Jandarma ta iso, kowa shi hiddo takardunai." Jama'a su yi dariya, ni ma in yi. Amma wallahi abin yana ci mini rai. Sau da yawa nakan hau babur in koma ina share hawaye, ina tambayar kaina ko ceton ubana na yi ko karya shi.

Wata Asabar ina zaune a gefensa, wata kwana ta zo bai gan ta ba. Motar ta yi tsalle ta wuntsila sau uku, sitiyarin ya fizge daga hannunsa. Ya miƙe yana salati, ya ce, "Yaron nan ya hita?" Na danna maɓalli ina dariya, sai ga mota sabuwa fil a bakin layi. Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Nan ne suka yi ƙarya. Hanya ba ta cewa a sake." Kwana uku bai taɓa wasan ba, har ya sa Inna ta soya masar gero aka raba sadaka. Muka mayar da abin labarin ban dariya a gida.

Bayan sadakar uku, Inna ta kira ni ɗaki ta kwance bakin zanenta. Makulli ne, irin nawa sak. Ta ce, "Kin ɗauka direban shekara arba'in makulli ɗaya gare shi? Cikin hularsa yake tun ranar rumbu. Ya gama shirin hita da motar ranar kasuwar Kore Mairuwa, sai wancan abu mai doguwa ya kayar da shi. Ranar ya ba ni, ya ce, 'Ban ga kwanar ba, Rabi. Da mutane ne a baya hwa? Ɗiyar nan ta yi gaskiya, amma kada ki gaya mata, kanta zai yi girma.'"

Na ce, "Inna, shi ke nan abin da ya ce?"

Ta damƙa mini makullin a tafin hannu. "Ya ce in ta Allah ta kasance, a ba Uwata."

Ya Allah, ga bawanKa Sha'aibu ya iso gare Ka a hankali, yadda ya saba. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka masa hanyar da idonsa bai taɓa gani ba. Kamar yadda bai taɓa wuce mai ɗaga hannu a daji ba, kada rahamarKa ta wuce shi. Ka ba Inna haƙuri, Ka haɗa kanmu ni da Mamman da sauran dangi, Ka saka wa duk wanda ya tako ta'aziyya da alheri. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani, Ka sada ni da shi a Aljanna in ji sunan nan daga bakinsa. Amin.