Abdussalami da Jirgin da Ya Hana Sauka

Abdussalami mai bidiyo bai taɓa wuce garin Sinnar na ƙasar Sudan ba, amma kullum bakinsa yana hanyar Makka. Kakansa ya baro Sakkwato da niyyar hajji, ya tsaya Mai Wurno kusa da Sinnar noman damina ɗaya, bai ƙara gaba ba har aka binne shi a nan. Jikan ya ɗauki alkawarin ƙarasa tafiyar.

Akwai kaset ɗin da ya fi so a rumfarsa. A cikin fim ɗin rana za ta ƙone duniya, wani ƙato mai jan wando mai ƙyalli ya kwashe 'yan Adam a jirgi kamar gora, korayen dodanni na bin su. Kullum kafin jirgin ya sauka sai ya kashe, wai inji ya yi zafi.

Bayan furfura ta cinye gemunsa, wata rana zai kashe sai ƙanwarsa Ramatu mai shayi ta riƙe masa hannu. "Yaya, inji lafiyarsa lau, kai ne ka yi sanyi. Bari mu gani."

Mutanen jirgin suka sauka a wani tauraro, suka hau shuka.

"Kin gani?" in ji shi. "Su ma kamar kakanmu, cewa za su yi damina ɗaya ce."

Bai ƙara zancen Makka ba.