Abla Rakiya da Ƙasar da Ke Bayan Teku

Shekara goma sha biyu ke nan da muka rasa Rakiya. Tare muka koyar a wata ƙaramar makarantar 'yan mata da ke bayan kasuwar Bab Makka, a shekarun da aka fara buɗe wa mata makarantu a Jidda. Ni lissafi nake koyarwa, ita kuma labarin ƙasa, ga yara 'yan shekara bakwai. Yaran suna kiranta Abla Rakiya, wato Malama Rakiya. Ni kuwa Yaya nake ce mata, don ta girme ni, kuma ita ta riƙe hannuna ranar da na fara tsayawa gaban aji.

A hanya aka haife ta, a wani ƙauyen Sudan, lokacin da iyayenta suke tahowa hajji a ƙasa daga Katsina. Da wayonta ta ƙetaro teku. Wataƙila shi ya sa ba ta fara darasi daga littafi. Sai ta fito da yara tsakar gida ta tambaye su ta ina rana ta ɓullo, ta ina iskar teku take shigowa. Mudira, wato shugabar makarantar, tana tsoron iyaye su ji ana shanya musu 'ya'ya a rana su janye su, alhali da ƙyar suka yarda suka kawo su. Rakiya ba ta yi gardama ba. Ta dai koma inuwar katanga, ta ci gaba.

Yanzu in na ga jiragen alhazai suna sauka ɗaya bayan ɗaya, nakan tambayi kaina me za ta ce. Tafiyar da ta ci wa iyayenta shekaru, yau ana yin ta a wuni guda. Na san za ta yi hamdala. Amma na san ranta zai sosu in ta ga yaranmu sun haddace biranen talabijin, ka ambaci Katsina su dube ka su tambaya da Larabci ina ne nan.

Akwai wata yarinya a ajinta, Hauwa. Mahaifinta tela ne, ya hau jirgin ruwa zai ƙetare teku, ya bi ta Sudan ya je gida ya dubo mahaifiyarsa da ke kwance. Manyan 'yan mata suka ce wa Hauwa inda teku ya haɗu da sama nan ne ƙarshen duniya, jirgi yana kaiwa can sai ya faɗa. Yarinya ta daina cin abinci, ta daina magana.

Da Rakiya ta gano dalili, sai ta zo da babban tire daga gida. Ta tara yashi gefe da gefe, ta zuba ruwa a tsakiya, ta ɗora kwasfar gyaɗa, ta sa Hauwa ta hura ta har ta taɓa ɗaya gefen.

"Abla, a can ma akwai ƙasa?"

"Akwai, 'yata. Da ƙafata na taka ta. Akwai kasuwa, akwai masallaci, akwai yara irinki."

Ranar Hauwa ta ci gurasarta.

Mahaifin bai dawo ba. Alhazan shekarar da ta biyo baya ne suka kawo labarin zazzaɓi ya kwantar da shi a yammacin Sudan, can aka binne shi. Bayan an share makoki Hauwa ta dawo makaranta, ta wuce kai tsaye gaban taswirar bango. Ina bakin ƙofa a lokacin.

"Abla, nuna mini inda yake."

Rakiya ta ɗora yatsa.

"In an kwantar da mutum, ai alƙibla yake kallo ko?"

"Haka ne."

Yarinyar ta yi ɗage, ta ja yatsarta daga wurin, ta ratsa teku, ta bi ta gefen Jidda har Makka. Sannan ta ce, "To ai nan wajenmu yake kallo." Ta koma ta zauna. Rakiya ta fita ta jingina da bango tana kuka, ni na ƙarasa mata ajin.

Ba a daɗe ba ciwon ƙirji ya kama ta, ta jure har ya fi ƙarfinta. Ba ta bar ɗa ba. Ginin makarantar ma an rushe shi, titi ya bi ta kansa, babu inda aka rubuta sunanta. Abin da ta bari yana jikin matan da suka zauna gabanta suna ƙanana, waɗanda yau suke goyon nasu 'ya'yan. Ta koya musu yarda cewa inda ido ya gaza ba nan ne iyaka ba, kuma wanda ya ɓace maka da gani yana wani wuri ne. Ni da nake ganin darasin yara ne, da shi nake rarrashin kaina duk ranar da kewarta ta taso mini.

Allah ya yalwata makwancinki, Yaya, ya sada mu a inda babu rabuwa.