Na je Minna in gane karatun ƙanwata

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Kontagora, ni da ɗan baffana a tsohuwar motarsa. Ba yawo ya kai mu Minna ba, aike ne. Ƙanwata tana digiri na biyu a fannin fiziks, kuma duk sanda Baba ya tambaye ta abin da take bincike a kai, sai ta yi ta bayani har ya fara gyangyaɗi. Ga shi an sama mata aikin koyarwa kusa da gida. Da ta ce za su baje kolin bincikensu, sai Baba ya ce in je in gani da idona. In na dawo na faɗa masa amfanin abin, ta ci gaba. In na kasa, ta tattaro kayanta. Ni da ban san komai ba sai yadin atamfa aka ɗora wa wannan alƙalanci.

Hanya sai a hankali, ka kauce wa rami ka faɗa yayansa. A Tegina muka karya da kunu da ƙosai, ni na ƙara da shinkafa da wake, alhali na san ba ma shiri da wake. Daga Zungeru doya ta fara bayyana tuli-tuli a bakin titi. Ɗan baffana ya sauka ya tambayi kuɗin ƙwarya ɗaya, wato doya ɗari, ya dawo mota hannu rabbana.

Mun fara biyawa unguwar Maitumbi inda ƙanwata take haya, muka tarar ta riga ta fita. Mai gidan, wata dattijuwa mai fara'a wadda Hausarta ba ta nuna ba, ta dube ni ta ce, "Kai ne yayan shi? Wannan yarinya bai da matsala, kullum takarda. Abinci ma sai na buga mashi kofa." Ita ta kwatanta mana wurin taron.

Babban zaure ne, kowane ɗalibi a tsaye gaban allonsa. Na farko da na tsaya wurinsa yana auna yadda ruwan sama da duwatsu ke rage ƙarfin sabis ɗin waya. Wannan na gane tsaf, don a shagona ma lungu ɗaya ne ake samun sabis. Ta gaba da shi ciwon hanji take bincike, irin wanda ciki ke kumbura, yau gudawa gobe bayan gida ya ɗaure, a je asibiti gwaji ya ce lafiya lau. Wallahi kamar ni take karantawa. Ta tambaye ni me na ci da safe, cikina ya riga ni amsawa. Na bar wurin ina cewa a raina, da ma ɗaya daga cikin biyun nan ne karatun ƙanwata, da na huta.

Sai ga ta a can ƙarshe. Allonta babu hoton eriya, babu hoton hanji, kibiyoyi ne kawai, wasu sun kalli sama wasu ƙasa. Ta ce a cikin ƙwayar zarra akwai wasu 'yan mitsi-mitsi masu hali irin na ƙaramin maganaɗisu, kuma ɗaya kan iya zama tana kallon sama da ƙasa a lokaci guda, sai an auna sannan ta tsaya a ɗaya. Na ce ta sake. Ta sake. Na ce ta taɓa ganinsu? Ta ce ba a ganinsu.

Ina tsaye wani farfesa mai furfura ya iso da mutane a bayansa. Ya nuna wani layi na lissafinta ya ce akwai kuskure. Ita kuwa cikin ladabi ta ɗauki biro ta bi layin da shi daki-daki. Can ya zaro ɗan littafi daga aljihu, ya ce ta maimaita a hankali, yana rubutawa.

Da za mu rabu ta ce, "Yaya, ka gane?" Na ce kaɗan-kaɗan. Ta san ƙarya nake, idonta ya ciko. Tausayinta ya hana ni ko taya kaya a Kasuwar Kure, abin da aka faɗa shi na biya na tsaraba.

Washegari da hantsi muka juyo. Tun daga Zungeru nake saƙa yadda zan ce wa Baba gyaran sabis take yi, amma da na zauna gabansa bayan la'asar bakina ya ƙi. Na ce, "Baba, ban gane komai ba." Sannan na ba shi labarin farfesan, don shi kaɗai na riƙo.

Baba ya yi shekaru yana ɗaukar karatu a zaure, malami na faɗa yana rubutawa. Ya ɗago ya ce, "Mai furfurar ne ya rubuta, ko ita?"

Na ce, "Shi."

Sannan ya ce, "Kira ta. Ka ce kada ta tattaro komai."

Tafiyar nan ta koya min in bar wake a kan hanya, ta kuma koya min cewa rashin ganewata ba laifin karatun ba ne. Har yau in aka tambaye ni me ƙanwata ke karantawa, cewa nake ban sani ba, kuma da alfahari nake faɗa.