Kalmar Turancin da ta ci idon kawuna

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da kawuna ya miƙo mini wata takarda a kasuwar Jega ba.

Lokacin ba a daɗe da ba mu Jihar Kabi ba, ni kuma na samu aikin akawu a wani ofishi a Maiyama. Ogana mutum ne mai son Turanci. Duk sanda na yi ƙaramin kuskure na je ba da haƙuri, sai ya kaɗa hannu ya ce, "It is of no consequence." Na lura nufinsa ba komai. Sai na haddace kalmar ƙarshen kawai, na ɗauka ita ce "ba komai" ta Turawa. Ban taɓa tambayarsa ba, don kada ya raina karatuna.

Kawu mahauci ne, ƙanen mahaifiyata. Shi ya tsaya kai da fata aka sa ni boko lokacin da mahaifina ya ƙi. Ana saura mako biyu Babbar Sallah, yana sara ƙashi, tsinin ƙashin ya fallatsa masa a idon dama. Ya je asibiti, ya tarar da wani matashin likita ɗan kudu da ba ya jin Hausa. Likitan ya yi ta bayani da hannu, da ya gaji ya rubuta takarda ya ba shi.

Na iske shi a rumfarsa, idon ya yi ja yana zubar da ruwa. Yana ganina ya ɗaga murya don abokan sana'arsa su ji: "Ga malamin gidanmu nan ya iso! Zo ka hwaɗa muna mi likita yar rubuta."

Layi biyu ne kacal. Na farko ya ce a tafi da shi Sakkwato. Na biyu kuwa, "Delay will have consequences."

Na gane kalmar ƙarshen, sai dai na ga ba haka oga yake jera ta ba, akwai abin da ya ɓace. Amma mahauta sun ajiye wuƙaƙe sun zagaye ni, kawu yana murmushi yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Na gyara murya na ce, "Kawu, ya ce a tai Sakkwato, amma ko an jinkirta ba komai."

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Sai bayan Sallah ke nan. Kun gani? Wanga shi na amfanin boko."

Bayan Sallah idon ya kumbura ya yi fari. Da muka isa Sakkwato, likitan can ya duba takardar, ya dubi kwanan watan da ke kanta, ya tambaya da Hausa, "Wa ya karanta muku wannan?" Kawu bai nuna ni ba. Likitan ya ce ma'anarta jinkiri zai haifar da mummunan sakamako, kuma ga shi ya haifar. Idon ya riga ya mutu, cire shi aka yi.

A motar dawowa, sai da muka kusa Jega kawu ya yi magana, bai ko waiwayo ni ba. Ya ce, "Da ka ce ba ka sani ba, ɗana, da na tambayi wani."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa mini a kan maganar ke nan. Ya rayu shekaru bayan haka, yana sara nama yana kuskure, har ya bar wa yaransa rumfar. Bai tona ni ga mahaifiyata ba, amma bai sake miƙo mini takarda ba, ko ta gayyatar biki.

Yau ina iya jera kalaman Turancin nan duka, wanda ke nuna abu mai nauyi da wanda ke nuna abin banza, amma sun zo mini a makare. Abin da na koya shi ne, jahilcina bai cuci kawu ba kamar yadda kunyata ta cuce shi. In mutum ya ba ka amanar abin da bai iya karantawa ba, kuma ka yi shakka ko a kan kalma ɗaya, ka buɗe baki a gaban kowa ka ce, "Ban sani ba."